WA KE DA ALHAKIN KARƁAR SABON MA'AIKACI?

Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mu da ke aikin ilmi, muna kuma zaton malaman ofis na Ƙananan Hukumomi sun fi mu saninta, tun da ya ke a gaban teburinsu a ke zuwa a yi kukan. Maganar kuwa ita ce ta sabon ma'aikaci wanda aka ba shi takardar ɗauka aiki, aka tura shi ƙauye, ya je ya kama aiki, amma wata ya mutu, wani ya tsaya ya mutu, har na uku, bai ga ko kwabo na albashinsa ba. In ya zo bin sawu, amsa guda ce a ke ba shi ko'ina, watau sunansa bai shiga kwamfuta ba. Shi ke nan sai ya juya, sai ka ce an gaya masa damina ce ba ta sauka ba, abin da babu hannun kowa a ciki.

To, jama'a, suna ba shi da ƙafa. In bai shiga ba, wani ne bai shigar da shi ba. Amma ka shiga ofis ka tambayi mutum huɗu ko wane ne wannan wanin, za ka fito da amsa huɗu. Mai kula da ma'aikata ya ce yana jiran takarda daga Sakataren Ilmi, Sakatare ya ce hedimasta bai aiko da shaidar kama aiki ba, hedimasta ya ce ba wanda ya gaya masa ana bukatar wata shaida, akanta kuma ya ce shi abin da na'ura ta fitar masa shi ya ke biya. Ba lalle ne a cikinsu akwai mai ƙarya ba. Abin da ya faru shi ne an sayo na'ura da kuɗi mai yawa, an kuma manta da aikin da ba ya cin ko sisi, watau a zauna a rubuta wa zai yi mene ne, kuma cikin kwana nawa.

Ya kamata mu fara da bayanin abin, domin waɗanda ba su taɓa zama gabansa ba. Abin da a ke kira manhajar kula da ma'aikata (mu malamai da tsarin karatu muka san wannan kalma, masu kwamfuta ne suka are ta daga baya) babban littafin rajista ne wanda ke cikin na'ura, ko wane ma'aikaci da shafinsa: suna, ranar haihuwa, takardun shaida, matakin albashi, wurin aiki, banki, magaji. Inda ya sha bamban da littafin takarda uku ne. Na farko, ba kowa ke iya buɗe shi ba sai wanda aka ba sunan shiga da kalmar sirri, kuma ana iya ƙayyade wa ko wane jami'i iyakarsa, wannan ya karanta kawai, wancan ya rubuta, wani ya amince, wani ya biya. Na biyu, duk wanda ya taɓa shafi, na'ura tana rubuta sunansa da ranar da sa'ar. Na uku kuwa, in ba a gama mataki na farko ba, na biyu ba ya buɗuwa. Wannan na ukun shi ne amfaninta, shi ne kuma tushen wahalar da mu ke magana. A zamanin takarda, akawu mai tausayi ya kan ɗauki fayil ya tsallake tebur guda ya kai gaba. Na'ura ba ta da wannan tausayi. Matakin da ba a ba kowa ba zai zauna nan har Mahadi ya bayyana.

Gwamnatin Tarayya ta fara irin wannan tsari cikin 2007, shi ne wanda a ke kira IPPIS, da taimakon Bankin Duniya, aka gwada shi a ma'aikatu bakwai kafin a faɗaɗa. Ofishin Babban Akanta na Ƙasa ke riƙe da sashen biya, Ofishin Shugaban Ma'aikata kuma ke da sashen bayanan ma'aikata. Jihohi da dama sun bi sawu da nasu tsarin. Ba mu cikin masu cewa abin bai yi amfani ba. A watan Fabrairu na 1916 ba wanda zai yi mafarkin haka, amma bayan shekara ɗari cif, a Fabrairu na 2016, Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwar ta cire sunaye 23,846 daga jerin masu albashi, bayan an gwada su da lambar banki ta BVN, har kuɗin albashi na wata ya ragu da wajen Naira biliyan 2.29. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai kuma cikin 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamiti don binciken sayar da guraben aiki da kuma yadda a ke wasa da wannan tsari na IPPIS ɗin kansa. Ashe dai ƙofar da aka yi don hana ɓarawo, in makullinta yana hannun mutum guda, ta nan a ke shigo da kaya.

Rarraba aiki tsakanin hannuwa ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun zamanin Sayyidina Umar aka kafa diwani, aka rubuta sunayen masu rabo daga Baitulmali da abin da ko wanne zai samu. A ƙasar nan kuma, tun da aka fara Baitulmalin En'e a Katsina, sauran masarautu suka ɗauka, iyayenmu sun san mai rubuta takardar biya daban, mai sa hannu daban, Ma'aji mai fid da kuɗi daban, mai zuwa binciken littafi kuma daban. An rushe tsarin En'e, gyaran 1976 ya kawo Ƙananan Hukumomi, amma hikimar ba ta tsufa ba. Abin mamaki shi ne, mutanen da ba za su taɓa yarda akawu guda ya rubuta bauca ya sa mata hannu ya kuma biya kansa ba, su ne za ka ga sun miƙa dukan ofis ga yaro guda, don kawai shi ya iya kwamfuta.

Bari mu ɗauki sabon malamin firamare mu bi shi daki daki, don shi muka fi sani. Tun daga dokar ilmin bai ɗaya ta 2004, akwai Hukumar Ilmin Firamare ta Jiha, wadda a ke kira SUBEB, a ƙarƙashinta kuma ko wace Ƙaramar Hukuma tana da ofishin ilmi da Sakatarensa. Hukumar da ta ɗauki mutum ita ya kamata ta buɗe masa shafi, ran da aka sa hannu a takardar ɗaukarsa, ba ran da ya zo roƙo ba. Iyakar abin da za ta rubuta shi ne suna, da lambar takarda, da mataki, da makarantar da aka tura shi. Mai NCE a mafi yawan wurare mataki na 7 ya ke farawa, mai digiri na 8, kuma wannan ba abin da za a bar wa mai buga na'ura ba ne ya yi ta tsammani. Sa'an nan jami'in kula da ma'aikata ya karɓi takardun shaida na asali, ya gani da idonsa, ya tambayi kwalejin da ta bayar in yana shakka, ya duba ko mutumin ya yi rajista da Hukumar Rajistar Malamai wadda aka kafa tun 1993, ya ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Iyakarsa ke nan. Kada a ba shi ikon amincewa da abin da shi ya rubuta, kada kuma a ba shi ikon taɓa lambar banki bayan an rufe shafi.

A nan sai mu tsaya kaɗan a kan abu biyu da akawu ke bugawa cikin ƙiftawar ido, mutum kuwa ya yi shekara talatin yana ɗauke da su, watau ranar haihuwa da ranar fara aiki. Ƙa'idar aikin Gwamnati ita ce mutum ya yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Dokar Tarayya ta 2022 ta ɗaga wa malaman makaranta zuwa 65 da 40. To, a ce yatsa ya zame, an buga 1989 maimakon 1998. Shekara tara ke nan aka yanke wa bawan Allah, ba kuwa zai sani ba sai ran da takardar sallama ta iske shi cikin aji. Ga shi kuma da yawa daga cikinmu ba a rubuta haihuwarsu a asibiti ba, takardar rantsuwa ta kotu su ke kawowa, takardar gama firamare ta faɗi wata shekara, ta sakandare ta faɗi wata. Sabo da haka mu ke cewa shi sabon ma'aikacin ma yana da nasa aiki cikin wannan tsari. A buga masa shafinsa a takarda, ya zauna ya karanta harafi harafi, ya sa hannu, kafin a kai wa mai amincewa. Daga ran nan kuma kada wani mutum guda ya iya sauya ranar haihuwa, ko da shi ne Shugaban Hukuma, sai da takarda da hannu biyu.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi tsai da albashi a ƙasarmu ta Arewa. Mu mutane ne masu yalwar suna. Mutum guda a gida Mamman ne, a takardar firamare Muhammadu, a ta kwaleji an rubuta shi irin na Turawa, a banki kuma ya ƙara sunan garinsu a ƙarshe, don haka aka saba tun zamanin makarantun Midil, inda a ke bambanta Muhammadu biyar na aji guda da garuruwansu. Wani ya sa sunan uba a wata takarda, ya sa na kaka a wata. Mace kuwa ta yi aure tsakanin gama kwaleji da samun aiki, sunan miji ya shiga katin banki bai shiga takardar shaida ba. Dagaci ya san duk mutum guda ne, hedimasta ya sani, amma na'ura harafi ta ke gwadawa da harafi. Lambar BVN, wadda Babban Banki ya fito da ita cikin 2014, alƙaluma 11 ce. Lambar ɗan ƙasa ta NIN ita ma 11. Lambar asusun banki 10. In sunan da ke bayan ɗaya bai yi daidai da na bayan ɗaya ba, sai kuɗi ya tsaya, ko ya je banki ya komo. Wa zai gaya wa sabon malami wannan? In ba a sa wani ba, ba wanda zai gaya masa sai bayan wata uku. Ra'ayinmu shi ne jami'in da ke karɓar takardu ya jera su a tebur ran farko, ya gwada sunayen, in akwai saɓani ya rubuta wa mutumin abin da zai je ya gyara da inda zai je. Kwalejojin horon malamai su ma suna da rabonsu. Sa'a guda cikin zangon ƙarshe ta isa a ce wa ɗalibai kowa ya kawo takardunsa a duba, tun suna da lokacin gyara.

Amma duk cikin waɗannan hannuwa, wanda muka fi damuwa da shi shi ne hedimasta, shi ne kuwa aka fi mantawa da shi sa'ad da a ke rabon makullai. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Duk ofisoshin da muka ambata takarda su ke gani, hedimasta kaɗai ke ganin mutum. Shi ya san ko malamin ya iso, ran nan ya iso, ya shiga aji ko kuwa ya zo ya sa hannu ya koma birni kan babur. Sabo da haka shaidarsa ita ce ya kamata ta buɗe ƙofar albashi, kuma ba wata shaida da za ta tsaya a madadinta. In an yi haka an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Malamin gaskiya ya samu haƙƙinsa da wuri, sunan bogi kuma ya rasa ta inda zai bi, don sai an samu hedimastan da zai sa sunansa a kan mutumin da bai taɓa gani ba, ya kuma san na'ura ta rubuta. Har wa yau shi ne zai ba da labari in malami ya rasu ko ya gudu, gama da yawa daga cikin ma'aikatan bogi mutanen gaske ne a dā, sun mutu ko sun bar aiki, aka bar sunansu yana ci.

Za a ce mana makarantun ƙauye ba wuta, ba intanet, wani hedimastan ma bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Gaskiya ne. Amma da wuya ka samu hedimastan da ba shi da waya a aljihu, kuma saƙo gajere daga lambar da ofis ya riga ya rubuta ya isa. Inda ko wannan bai samu ba, a ba shi littafin takardu masu lamba, kamar na rasit, ya cika ɗaya, mai duba makarantu na yankin ya kai ofis, wani jami'i da aka ambata da suna ya shigar da ita a madadinsa, a ajiye takardar cikin fayil. Rashin wuta dalili ne na neman dabara, bai isa dalilin cire hedimasta daga lissafi ba.

Bayan shaidar hedimasta, Sakataren Ilmi ko Darektan Ma'aikata ya duba ya amince, akanta ya ga suna ya fito ya biya, mai binciken kuɗi kuma a ba shi ikon karanta kome da kome ba tare da ikon rubuta ko harafi ɗaya ba. A nan ne mu ke so mu yi wa manya magana, da ladabi. Ya zama ruwan dare babban jami'i ya ba akawunsa kalmarsa ta sirri, ko ɗan bautar ƙasa da aka turo masa, ya ce, "Kai dai ka danna mini." Wani don aiki ya yi masa yawa, wani don yana jin kunyar a ga bai iya ba. To, ranka ya daɗe, wannan daidai ya ke da Alƙali ya miƙa wa masinja hatiminsa ya tafi gida. Daga ran nan mai rubutawa da mai amincewa sun zama mutum guda, duk shingen da aka gina ya faɗi. Ran da bincike ya zo kuwa, sunan mai kalmar na'ura za ta nuna, da rana da sa'a, ba kuma ta san wani yaro ba. Koyon danna wuri biyu bai kai wuyar amsa tambaya gaban kwamiti ba. Haka kuma in an yi wa jami'i canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, a rufe makullinsa a ranar. Wannan ma aiki ne da ke bukatar mai shi, don an sha samun mutum ya bar ofis da daɗewa sunansa yana nan yana buɗe littafi.

Akwai masu sukar wannan ra'ayi namu ta wata fuska, kuma maganarsu tana da nauyi. Su kan ce ko wane hannu da ka ƙara, shinge ka ƙara, ko wane shinge kuma da mai jiran na goro. Sabon malami da bai karɓi albashi ba tukuna, ina zai samu abin bi tebur biyar? Mun yarda haka na faruwa. Amma abin da ke ba mai shinge ƙarfi duhu ne, watau mai fayil bai san inda fayil ɗinsa ya ke ba, bai kuma san kwana nawa ya halatta ya zauna can ba. Maganin kuwa yana cikin na'urar in an so. A sa wa ko wane mataki wa'adi, a ce kwana uku ga mai karɓar takardu, kwana biyu ga hedimasta, kwana uku ga mai amincewa. In wa'adi ya wuce, na'ura ta kai sunan mai jinkirin gaban na sama da shi da kanta. A kuma aika wa sabon ma'aikacin saƙo a waya duk sa'ad da shafinsa ya matsa gaba. Mutumin da ya san takardarsa ta kwana tara a teburin wane, ba ya zuwa da goro, da tambaya ya ke zuwa. Daɗin daɗawa, ko wane mai makulli a rubuta masa mataimaki tun da wuri, mai nasa makullin daban, domin kada a ce albashin mutum hamsin ya tsaya don jami'i guda ya tafi aikin Hajji ko yana jinya.

Wasu kuma su kan ce a tattara ikon duka a babban birni, nesa da 'yan'uwa da abokai, a huta. Rigimar malaman jami'a da IPPIS ta isa ta koya mana wani abu a nan. Ƙungiyarsu ta ƙi tsarin, tana cewa bai san halin aikin jami'a ba, kamar malamin da ya tafi hutun bincike ko wanda ke koyarwa na ziyara a wata jami'a, maganar ta shiga cikin dalilan yajin aikin 2020 da na 2022, har a Disamba ta 2023 Majalisar Zartaswa ta amince a fid da jami'o'i da kwalejojin kimiyya da na ilmi daga cikinsa. Ba mu zo raba gardamar nan ba. Abin da muka ɗauka shi ne, in mai gyara harafi guda yana nisan kwana guda a mota, kuskure ƙarami ya kan zama babba, kuma kuɗin motar daga aljihun wanda aka yi wa kuskuren ya ke fita. Rubutu ya kasance kusa da mutum, inda aka san shi. Amincewa da bincike su kasance sama, inda ba a jin kunyarsa.

Fansho shi ma a sa shi cikin aikin makon farko. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara kashi 10, a zuba cikin asusun da ma'aikacin ya buɗe da sunansa, ko da ya ke ko wace Jiha da irin dokar da ta yi wa nata ma'aikata. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar ba ya tunanin tsufa, in ba a tsare shi an ce kawo lambar asusunka ba, sai a yi ta yankar kuɗinsa ba a san inda za a zuba ba. Sirri kuma a kiyaye shi. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Hedimasta ba ruwansa da lambar bankin malaminsa, akanta ba ruwansa da takardar likita.

Duk wannan kuwa rabin karɓa ne. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Yaro ya fito daga kwaleji, an tura shi garin da bai taɓa zuwa ba, yana bukatar wanda zai kai shi ya gai da dagaci da liman, ya nema masa ɗaki, ya nuna masa ajinsa da rajistar yara da tsarin karatu, ya zauna bayan aji ya ga darasinsa na farko ya gaya masa gaskiya a keɓe. Na'ura ba za ta yi ko ɗaya daga ciki ba, amma tana iya riƙe sunan wanda aka ɗora wa. Muna so a ƙara layi guda a shafin ko wane sabon malami, inda hedimasta zai rubuta sunan tsohon malamin da ya damƙa masa shi. Akwai kuma wa'adin gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da ma'aikaci. Mun san malamai da suka yi shekara biyar, shida, ba takardar tabbatarwa, ƙarin girma ya wuce su, ba don sun yi laifi ba, don dai ba wanda aka ce ya rubuta rahotonsu. Ga na'ura da ta iya ƙidayar kwana, me zai hana ta tuna wa hedimasta da Sakatare tun saura wata uku?

Kada a ce sai an samu sarari. Ɗaukar malamai a ƙasar nan ba ɗaya ɗaya ta ke zuwa ba, ambaliya ta ke yi. Haka aka yi cikin 1976 da aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa. Haka kuma cikin 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malamai 21,780 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu, ta ba da sanarwar za ta ɗauki sababbi 25,000. Ofishin da bai tsara yadda zai karɓi mutum goma ba, ran da dubu suka tsaya a ƙofarsa ba lokacin tsari ba ne.

Abin da mu ke roƙon Shugabannin Hukumomi da Sakatarorin Ilmi bai wuce takarda guda ba. A zauna da mai kula da ma'aikata, da akanta, da mai binciken kuɗi, da hedimastoci biyu ko uku, da wakilin ƙungiyar malamai, a rubuta matakan daga sa hannu a takardar ɗauka har zuwa albashin farko, gaban ko wanne a sa muƙamin mai yi, da mataimakinsa, da yawan kwanakinsa. Sai bayan an gama wannan a kira mai kwamfuta a ce ya raba makullai bisa ga abin da aka rubuta, gama shi ma'aikacin na'ura ne, ba shi ya kamata ya yanke wa ke da iko a ofis ba. A rubuta ta da Hausa da Turanci, a manna ɗaya a ƙofar ofis, a aika wa ko wane hedimasta ɗaya, a kuma liƙa ɗaya a bayan takardar ɗauka aiki ta ko wane sabon malami, kafin a buɗe makarantu a watan Satumba.